Kwalbar Abba

Da hannun hagu nake rubuta muku wannan, don haka duk wanda ya ci karo da kuskure ya yi mini uzuri. Na daman yana naɗe da bandeji tun daga wuyan hannu har tsakiyar yatsu. Kuma a haka, jama'a, wai ni aka ce in shirya in je in ba da haƙuri. Ni mai ƙunar! Ku gyara zama in ba ku labarin tun daga tushe, don in ban amayar da shi yau ba ƙirjina fashewa zai yi.

Abbana, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, kowa ya ɗauki abin da yake so cikin kayansa, ni kuwa abu biyu na riƙe: agogon hannunsa mai tsohuwar fata, da kwalbar da yake haɗa gahawa. Doguwar kwalbar gilashi ce a cikin gidan ƙarfe mai mariƙi. Murfinta yana da sanda a tsakiya, a ƙasan sandar akwai 'yar rariya, wadda idan ka danna take tura garin gahawar ƙasa ta bar ruwan a sama. A gidanmu ba ta da wani suna sai kwalbar Abba.

Ina 'yar shekara goma sha biyu ya koya mini. A ɓarza ƙwayar a ɗan injin hannu, ɓarza kawai, kada ta yi laushi. Cokali uku. Ruwa ya tafasa a sauke, a bar shi ya ɗan huce. A zuba, a juya sau ɗaya, a rufe. Sai ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur.

"Minti huɗu, Auta. To, ba ni labari."

A cikin minti huɗun nan na gaya masa wanda ya zalunce ni a makaranta, da ranar da na faɗi jarrabawa, da ranar da na samu aiki a kantin magani. In lokaci ya cika sai ya ɗora tafin hannunsa a kan sandar, ya bar nauyin hannun kawai ya sauke ta. Yakan ce, "In kin ji ta ƙi, kada ki yi mata dole. Ɗago kaɗan, ki sake." Umma kuwa ko ɗanɗanawa ba ta yi. Ruwan ɗaci take ce mata, kuma iyakar abin da ke haɗa ta da kwalbar shi ne ta goge ƙurar inda ake ajiye ta.

To, sai ga Manaja. Manaja ne a wani kamfanin sayar da motoci, kuma wata takwas da suka wuce ya shigo kantinmu neman maganin tari, ya fita da lambar wayata. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya burge ni. Dogo ne, ga tsafta, ga iya zance, turarensa yakan riga shi shigowa ɗaki. Gwaggo, yayar Abba da ke zaune a gidanmu, tun ranar da ta leƙa ta taga ta ga motarsa ta gama yanke hukunci. Kullum sai ta tuna mini shekaruna ashirin da bakwai, kamar ni ce na manta.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu na haɗa masa gahawa a kwalbar Abba. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya antaya sukari cokali huɗu, ya bi da madara har ta koma kalar bango. Amma ya tambayi yadda ake yi, ni kuma da zumuɗi na zauna na koya masa dalla-dalla, har dalilin da ya sa ake ɓarzawa: in garin ya yi laushi toshe rariyar yake yi. Bayan sati biyu sai na ga hoton kwalbarmu a shafinsa, ya rubuta a ƙasa, "Ba kowa ne ya san gahawa ba." Dariya na yi a lokacin. Yanzu in na tuna dariyar nan haushin kaina nake ji.

Shekaranjiya ina tsaka da jera magani saƙonsa ya shigo.

"Gobe da yamma Yaya Babba za ta zo ganinki. Ita ce uwa ita ce uba a wurina, ki kula."

"Allah ya kawo ta lafiya."

"Af, na gaya mata ni na koya miki haɗa gahawa. Kar ki ƙaryata ni fa."

Sai da na karanta sau biyu. "Ka koya mini? Yaushe?"

"Haba, ɗan abu ne. Mace ai ita ke rufa wa mijinta asiri."

"Ba ka zama ba tukuna."

Ya turo fuskar dariya guda uku. Na mayar da wayar aljihu, na ce a raina ƙaramin abu ne, namiji ne yake son ya yi kwarjini a gaban yayarsa.

Jiya na tashi aiki ƙarfe biyu, na tarar an birkice gidan. An sauke labule an sa sababbi, an fito da farantan da ko mu 'yan gida ba mu taɓa cin abinci a cikinsu ba, Gwaggo tana tsakiyar falo tana ba da umarni. Doguwar riga ruwan toka na zaɓa, ta ce kamar mai zuwa ta'aziyya. Na sa shuɗiya, ta ce ta kama ni. Ƙarshe dai ruwan zuma muka daidaita a kai, mai ɗinkin fure a hannu, da mayafi mai ɗan duhu, da 'yan kunnen Umma. Sai da aka gama da ni sannan na samu na shiga kicin.

Na buɗe gwangwanin da nake ajiye ƙwayar gahawa. Babu ƙwaya ko ɗaya. Gari ne, ya yi lukwi kamar hodar shafawa.

Umma ta leƙo tana murmushi, tana goge hannu da tsumma. "Kin gani? Na ce yau dai 'yata ba za ta wahala da juya ɗan injin nan ba, ga baƙi. Na juye shi duka a bilenda, sau uku na maimaita don ya yi laushi sosai."

Ku faɗa mini, me zan ce wa uwata? Tun asuba take tsaye saboda ni. Na ce, "Sannu, Umma, kin kyauta." Kantin da nake sayen ƙwayar yana can wata unguwa, ga shi har na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na lallashi kaina cewa da gyara. Zan rage garin, in ƙara lokacin jira ya kwanta, in danna a hankali, in ta ƙi in tace da ƙyalle a kicin ba wanda ya sani.

Yaya Babba ta shigo cikin farin leshi tas, da zinare a wuya da hannu, da tabarau da take kallon mutum ta samansa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambaye ni aikina, da ƙarfe nawa nake tashi, da ko zan iya barinsa in an ce in bari. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta amsa, "Ai yarinya ce mai jin magana."

Sai Manaja ya gyara zama, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Kawo kayan gahawar nan falo, Yaya ta ga yadda ake yi."

"Bari in haɗo a kicin, ya fi sauƙi."

"A'a, kawo nan. Ai abin a gani ne."

Na kawo. Na zuba gari, na zuba ruwa, na rufe, na kwance agogon Abba daga hannuna na ajiye a kan tire. Sannan na sunkuya kamar ina gyara kofuna, na ce masa ƙasa-ƙasa, "Garin yau ya yi laushi da yawa. Ka bar ni ni in danna."

Maimakon ya amsa mini yadda na yi masa magana, sai ya ɗaga murya yana dariya. "Kin ji, Yaya? Ɗaliba tana so ta wuce malaminta!"

Gwaggo ta fi kowa dariya. Ni dai agogo nake kallo. Minti ɗaya da rabi ya miƙa hannu ya jawo kwalbar gabansa.

Na ce, "Lokaci bai cika ba."

"Ruwan zafi ne, ba jirgi muke jira ba."

Ya danna. Sandar ta ɗan sauka ta tsaya cak. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. Na ga idonsa ya kai kan Yaya Babba, na ga kunya ta fara kama shi, na ce, "Ɗago kaɗan, ka sake." Wallahi kamar da bango nake. Miƙewa ya yi tsaye, ya ɗora hannu biyu, ya sakar mata nauyin jikinsa gaba ɗaya. Na kai hannu in riƙe mariƙin.

Sai ji na yi fau! Gahawa ta yi tsartuwa ta bakin kwalbar, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, ruwan zafi da gari suka kwararo a kan hannuna. Azabar da na ji ba ta faɗuwa. Na cije leɓe, na cusa hannun cikin mayafi, don ban yarda in yi ihu a gaban baƙuwa ba.

Ihun sai ya fito daga wani wuri. Ɗigo ne bai wuce biyar ba ya sauka a kan farin leshin Yaya Babba, amma ta miƙe tana salati kamar wuta ce ta kama ta. Manaja ya tsallake fasasshen gilashi, ya tsallake ni, ya durƙusa gabanta yana goge mata da hankicinsa.

"Yi haƙuri, Yaya. Na sha gaya mata ta riƙa ɓarzawa, in ya yi laushi toshe rariyar yake yi. Ba ta ji."

Jama'a, kun ji? Maganata ce. Maganar Abbana ce, da bakina na koya masa a kan wannan kujerar, ya adana ta wata da watanni, bai tashi amfani da ita ba sai ranar da zai jefe ni da ita. Ashe ya sani sarai, ya dai zaɓi ya danna ne don kada a ce mace ta gyara masa.

Na kalli Umma. Kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafinta. Da na ce ba ni na niƙa ba, uwata zan kunyata a gaban baƙi. Da na ce shi ne ya danna da ƙarfi, Gwaggo za ta ce ba ni da kunya. Sai na yi shiru, kuma shirun nan ya fi ƙunar ci mini rai.

Gwaggo tana ta "Yarinya ce, a yi haƙuri, kuskure ne." Yaya Babba ta ɗauki jakarta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wadda za ta riƙe gida ai da ƙananan abubuwa ake gane ta." Suka fita, Gwaggo tana biye da su har mota.

Minti ashirin na yi hannuna a ƙarƙashin famfo ina hawaye. Gwaggo ta dawo ta ce a shafa man goge baki, na ce mata a kantin magani nake aiki. Ta ce to shi ya sa bakina ya fi hannuna aiki. Ni na wanke ciwon, ni na naɗe shi, ni na durƙusa da hannun hagu na tsince gilashin Abba ɗaya bayan ɗaya daga kan darduma.

Yau da safe na farka na tarar da saƙonsa. Hoton wani injin gahawa ne na lantarki, baƙi mai sheƙi, an ɗaura masa jan kirtani.

"Na saya miki wanda ya fi waccan tsohuwar kwalbar. Maɓalli ɗaya za ki taɓa, ba sai kin yi tunani ba."

Na biyu: "Zan zo ƙarfe goma in kai ki gidan Yaya ki ba ta haƙuri. Ranta ya ɓaci sosai, da ƙyar na shawo kanta."

Na uku: "Ki sa babban mayafi."

Na ja sama, na ja ƙasa, ina neman inda ya ce ya hannun. Babu. Har na duba ko wani saƙo ne ya maƙale bai shigo ba, don dai kada in zalunce shi.

Gwaggo ta faɗo ɗakina ba sallama, da riga a rataye a kafaɗarta, ashe ita ma ya kira ta. "Tashi ki shirya. Haƙuri ne kawai, ba fatarki za a cire ba."

"Gwaggo, ai an riga an cire." Na ɗaga mata hannun.

"Kar ki kawo mini iyayi. Namiji kamar wannan a hanya ake tsintarsa? Kwalba ce fa ta fashe! Ubanki da yana raye da shi zai fara cewa ki je."

Nan na ji raina ya tashi. Na ce, "Abbana da yana raye da ba a tsallake ni a falonsa ba." Na bar mata ɗakin tana kirana mara kunya.

A kicin na samu Umma zaune a kan kujera 'yar tsuguno. Ta wanke gidan ƙarfen kwalbar ya yi fes, ta warware rariyar, tana cire garin da ya maƙale a cikinta da allura. Idonta ya kumbura.

"Auta, ni na niƙa. Ina zaune aka ɗora miki, na kasa buɗe baki."

"Umma, ba garin ne ya fasa ta ba."

Ta ci gaba da tsokanar rariyar. Can ta ce, "Na taɓa yi wa babanki haka. Satinmu biyu da aure. Na ga yana fama da ƙwayar nan, na ɗauke na daka masa a turmi, na tankaɗe, ya yi lukwi, ina ta jin daɗi na yi abin kirki. Ga abokansa biyu a falo. Ya danna ya ji ta ƙi, sai ya cire hannunsa ya ce musu yau gahawar tana son a ƙara hira. Ya shiga ciki ya tace da hankici, ya fito ya ce bai taɓa shan mai ƙarfi irin ta ranar ba." Ta share ido da bayan hannu. "Washegari ya sayo ɗan injin nan, ya ce shi yana jin daɗin juyawa da kansa. Shekara talatin ina zaton gwaninta na yi. Sai jiya, da na ji yaron nan yana faɗa a gaban mutane, na gane ashe kuskure ne."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na jingina kaina da gwiwarta ba. Muna haka muka ji hon a ƙofar gida. Goma saura minti goma.

Gwaggo ta ƙwala kira daga falo. "Ga shi nan ya zo! Ke ko rigar ba ki sa ba!"

Na yunƙura, Umma ta dafa kafaɗata. Ta kwance agogon Abba daga hannuna na hagu, ta ajiye shi a kan tebur, daidai inda yake ajiyewa.

"Zauna. Minti huɗu."

Ko minti ɗaya bai cika ba hon ya sake tashi. A na biyu wayata ta yi ƙara: "Ina waje fa." Kafin in gama karantawa: "Kin san ba na son jira." A na uku ya kira, na bar ta tana ruri. Daga nan ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba, har karen maƙwabta ya fara haushi. Ni da Umma muna kallon agogo.

Da huɗun suka cika na miƙe, da rigar gida a jikina da silifas, na yafa ƙaramin mayafi. Umma ta biyo ni, Gwaggo ta biyo Umma tana faɗa. Na buɗe ƙofar gida.

Bai ko fito daga motar ba. Gilashi ya sauke, ga injin a kujerar baya da jan kirtaninsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba ki shirya ba? Yaya tana jira."

Na ce, "Ba zan je ba." Na ɗaga hannun damana na gyara mayafi.

Ya tsaya yana kallon bandejin, ya haɗa gira, da gaske mamaki yake yi.

"Me ya samu hannunki?"

Na ɗauka gani ya yi ya share. Ashe ko gani bai yi ba. Yana tsaye a kaina aka ƙona ni, da hannunsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ni, bai gani ba.

Na ce, "Gahawarka ce, malam. Ka kai wa Yaya injin, ita ma maɓalli ɗaya za ta taɓa."

Na juya. Gwaggo, wadda tun jiya bakinta bai huta ba, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta kalli hannuna, ta kalle shi, ta sake kallon hannuna. Sai ta matsa ta ba ni hanya, ta ja ƙofar, ta sa sakata da kanta.

Yanzu haka ina kicin. Gidan ƙarfen kwalbar yana gabana babu gilashi, Umma ta ce gobe za mu zaga kasuwa tare mu nemo wanda zai shiga, kuma wai in ya samu za ta ɗanɗana ruwan ɗacin. Wayata kuwa sai haske take yi tana katse mini rubutu. Lambar Yaya Babba ce, kira na uku ke nan. Ban san me za ta ce ba, amma na san abin da ni zan ce. Na ajiye agogon Abba kusa da wayar. Ita ma ta jira.